Kyanwar Shago Mai Ciwon Suga In Ta Ƙi Cin Abinci

Yau a shirinmu na kiwo da kasuwa ba saniya za mu taɓa ba, ba raƙumi ba. Kyanwa ce. Mage in ji wasu, mussa ko kuliya in ji mutanen yamma. Na san akwai wanda ya riga ya yi dariya, ya kai hannu zai murɗa akwatin rediyo. Dakata tukuna, Malam. In kana da buhu hamsin na gero ko wake a sito, kai ka san abin da ɓera ke yi a wata guda in babu mai tsaro, kuma ka san mai tsaron nan ba ta karɓar albashi. Kai kuma makiyayi, zauna kusa, don abin da ke kashe kyanwar da za mu yi magana a kanta ɗan'uwan abin da ke kayar da tunkiyarka mai cikin tagwaye ne a ƙarshen rani. Za mu zo kansa.

Tambayar daga wani mai sayar da hatsi ta zo mana. Muzurun shagonsa ne, ya shekara tara, da can ƙato ne har yara na tsokanarsa. Likitan dabbobi ya gwada shi ya ce ciwon suga ne, aka sa shi kan allura. Yanzu kwana biyu ke nan ya juya wa kwano baya. Ya ce, shin ya ci gaba da yi masa allurar, ko ya bari sai ya ci? Amsar a taƙaice, Alhaji: kwana biyu ya yi yawa, yau ɗin nan ka nemi likita. Amma bari mu warware zancen, saboda sauran masu saurare.

Da farko, e, kyanwa na kamuwa da ciwon suga, kuma irin nata ya fi kama da na manyan mutane, wanda ke zuwa da ƙiba da zaman wuri ɗaya. Ya fi kama wadda ta haura shekara bakwai, ya fi kama namiji, musamman wanda aka fiɗiye, ya kuma fi kama wadda ta yi teɓa. Kyanwar daji da ke farautar ɓera da ƙadangare ba kasafai take samunsa ba. Ta shago ce, wadda ake zuba wa ragowar tuwo da shinkafa, a jiƙa mata biredi a shayi mai madarar gwangwani, ta zama kyanwar Lami, ba cizo ba yakushi. Allah ya halicci kyanwa maciyar nama ce zalla. Harshenta ma ba ya jin zaƙi kamar namu. In ka ga tana lasar madara mai suga, maiƙon take bi. Hatsin da kake sayarwa abincinka ne, ba nata ba.

Ga yadda ciwon yake. Abin da dabba ta ci, wani kasonsa yana komawa suga a cikin jini. Sugan nan ba ya shiga tsoka da kansa, sai an buɗe masa ƙofa. Mai buɗe ƙofar shi ne insulin, wani sinadari da ke fitowa daga wata tsoka mai laushi da ke kwance bayan tumbi, daf da farkon hanji, wadda likitoci ke kira fankiriyas. Duk wanda ya ga rufe iyaka na 2019 ya san hoton: motoci sun yi layi maƙare da kaya, shinge a rufe, cikin gari kuwa ana neman kayan ido rufe. To haka jikin mai ciwon suga yake. Jini cike da suga, tsoka na kukan yunwa. Da sugan ya yi wa jini yawa sai ƙoda ta fara zubar da shi ta fitsari, shi kuma ya ja ruwa ya tafi da shi. Shi ya sa za ka ga kyanwa na shan ruwa kamar ta dawo daga Agadas, tana fitsari ba ƙaƙƙautawa, wani lokaci har tururuwa ta taru a wurin. Tana ci kamar gara, amma tana ramewa. Wata kuma ƙafafunta na baya su yi sanyi, ka gan ta tana taka ƙasa da dukan dunduniya kamar zomo, ta kasa hawa kan buhun da da take tsallakewa da tsalle ɗaya.

Ku riƙe wannan da kyau: ɗabi'ar kyanwa mai ciwon suga ita ce ci da yawa. Saboda haka ranar da ta ƙi ci, ba sauƙi ta samu ba, kuma ba yanga ba ce. Wani abu ne ya juya a ciki.

Mafi hatsari a cikin abubuwan da kan juya shi ne wannan. In tsoka ta daɗe ba ta samun suga, sai jiki ya koma ƙona kitsensa. Hanta ce ke wannan aiki, kuma tana fitar da wani saura mai tsami da ake kira kiton. Kaɗan ba laifi. In ya taru sai jini ya yi tsami, zuciya ta riƙa tashi, kyanwa ta ƙi ci, ta yi amai, jikinta ya bushe, ta lafe a lungu tana numfashi da sauri. Wani lokaci in ka matso kusa da bakinta za ka ji wani wari mai zaƙi-zaƙi, irin na ruwan nan da mata ke goge jan farce da shi. Abin takaicin, rashin cin na ƙara kiton, kiton ɗin na ƙara rashin ci, haka abin zai yi ta zagayawa. In an kai nan, babu dabarar gida da ke fid da ita. Sai ƙarin ruwa ta jijiya, da insulin kaɗan-kaɗan ana auna jini, da gyaran gishirin jiki, musamman fotashiyam. In ba a yi ba, mutuwa ce, kuma ba ta jimawa.

Na biyu ya shafi kyanwa mai ƙiba ko da ba ta da suga. Kare na iya kwana da yawa bai ci ba ya tashi garau, kyanwa ba haka take ba. In mai teɓa ta yi ƴan kwanaki ba ta ci, kitsen jikinta na kwarara zuwa hanta fiye da yadda hantar ke iya sarrafawa, sai hanta ta cika da kitse ta daina aiki. Mahauta sun san irin hantar nan, wadda ke fitowa ɗorawa-ɗorawa, mai maiƙo, tana farfashewa a hannu. Alamarsa a waje shawara ce: duba cikin kunnenta da farin idonta da dasashinta a hasken rana, in sun yi rawaya to hanta ta taɓu. A nan nake jan kunnen masu rufe shago su tafi cin kasuwa. Ka kulle kyanwa ranar Laraba ka nufi Maigatari don kasuwar Alhamis, mota ta lalace, ba ka dawo ba sai Asabar, ka ce ai akwai ɓera a ciki. Tsohuwar kyanwa mai ciwo ba ta kama ɓera. Malamai sun sha karanta mana hadisin matar da ta tsare kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba, kowa ya san makomarta. Ka bar wa yaron shago makulli.

Akwai wasu dalilan. Ita kanta tsokar da ke yin insulin kan kumbura, abin na da zafi, kyanwa ta takure ta ƙi ci. Ƙoda kan gaji a tsufa. Fitsari mai suga wurin kiwon ƙwayoyin cuta ne, mafitsara kan kamu. Sai haƙori: in ta zo wurin kwano da sha'awa, ta ɗauki loma ta yar, tana dalalar da miyau, duba bakin, mai yiwuwa ruɓaɓɓen haƙori ne ko gyambo. Lokacin hunturu kuma mura kan toshe mata hanci, ita kuwa kyanwa abin da ba ta shinshina ba ba ta ci.

Yanzu ga tambayar allura, wadda ita ce ta fi tsorata ni. Insulin aikinsa kwashe suga daga jini. In kyanwa ta ci, akwai sugan kwashewa. In ba ta ci ba ka danna mata cikakken awo, sai ya kwashe ɗan abin da ya rage, ƙwaƙwalwa ta rasa abinci. Za ka ga tana tangaɗi kamar mashayi, jiki na rawa, ido ya buɗe ba ta gani, daga nan sai farfaɗiya, sai suma. Yawan suga na kisa a kwanaki, ƙarancinsa na iya kisa a sa'o'i. Don haka in ta ƙi cin abincin safe, kada ka yi cikakkiyar allura a makance. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Kira likitan da ya sa ta kan maganin; yawancinsu kan ce a ba da rabin awo ko a tsallake allura ɗaya, gwargwadon abin da jini ya nuna. Amma fa ka ji ɗaya gefen: tsallake ɗaya daban, dainawa daban. In ka ajiye allurar kwana biyu, uku, kana jiran sai ta ci, to ka buɗe wa kiton ƙofa da hannunka. Abinci biyu a jere in ta ƙi, ko yini guda cur, magana ta bar hannunka. In kuwa da amai ko kasala, kada ma ka jira yinin.

In sugan ya faɗi tana tangaɗi, zuma ce maganin gaggawa, ko suga da aka dama da ɗan ruwa ya yi kauri. Shafa kaɗan a dasashinta. Kada ka ɗura mata ruwa a baki tana sume, zai bi ta huhu. In ta farfaɗo ka ba ta abinci, sannan ka kai ta a duba, don allurar na nan tana aiki a jiki, sugan na iya sake faɗuwa. Wata magana a nan, jama'a, kuma ba ta wasa ba ce: wannan shawara ta kyanwarka ce, wadda ka san ciwonta, ka san kai ka yi mata allura. Kyanwar da ba ka sani ba, ko taka da ta yi faɗa da kare kwanan baya, in ka gan ta tana dalala, ta ƙi ci, halinta ya sauya, kada ka kai yatsa bakinta. Ciwon haukan kare na kama kyanwa, kuma tana ba mutum. Ko taka ce ma, shafa zumar da bayan cokali ya fi. Wanda aka ciza ko aka yakusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na minti 15, ya tafi asibiti ranar.

Da yawa daga cikinku kuna da ɗan injin gwajin suga a gida, na Alhaji ko na Hajiya. Yana aiki a kan kyanwa, ko da yake yakan nuna ƙasa kaɗan da gaskiya. A gefen kunne ake tsira, a ɗumama kunnen da tsumma mai ɗumi tukuna, ɗigo ɗaya ya isa. Sai dai mu mutanen iyaka muna da wata matsala ta musamman: lissafin ba iri ɗaya ba ne. A Nijar takardar asibiti da giram a lita take zuwa. A Nijeriya za ka ga milimol, wani injin kuma miligiram. Giram 1 daidai yake da miligiram 100, daidai da milimol 5.5. Lafiyayyar kyanwa tana tsakanin milimol 4 zuwa 8, wato wajen giram 0.7 zuwa 1.5. In ka ga ƙasa da milimol 3.3, wato miligiram 60, wato giram 0.6, suga ya faɗi, babu zancen allura, sai zuma. Ka duba: lamba 3 a lissafin Nijeriya hatsarin faɗuwa ne, lamba 3 a lissafin Nijar suga ne ya hau sosai. In ka kira likita a waya ka ce masa "uku", ka gaya masa ukun wace ƙasa. Kuma gwaji ɗaya ba ya yanke wa kyanwa hukuncin ciwon suga, don tsoro kaɗai na ɗaga mata suga. Wadda aka cusa a buhu aka ɗauko a babur dole jininta ya hau. Shi ya sa likita ke haɗawa da gwajin fitsari. A kantin magani akwai ƴan tsinkayen takarda da ake tsomawa a fitsari su sauya launi, wasu na nuna suga da kiton tare. Ka ajiye su tun kafin ranar, tare da kwalbar zuma. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai sirinji, inda ake yin kuskure mai kisa ba tare da an sani ba. Insulin da aka fi samu a kasuwa ƙarfi biyu ne. Na dabbobi, irin su Caninsulin da ProZinc, awo 40 ne a kowane mililita. Na mutane, irin su Lantus, awo 100 ne. Kowanne da sirinjinsa. In ka zuƙi mai ƙarfin 100 da sirinjin 40 har zuwa layi na 2, ba awo 2 ka ba ta ba, awo 5 ne. Dabbar da nauyinta bai wuce kilo 4 ba, wadda yawanci da awo 1 ko 2 ake fara mata safe da yamma, ka ga inda aka nufa. Kyanwar da aka yi wa haka na iya zama lagwas ta ƙi ci, mai ita kuma ya ɗauka ciwon ne ya ƙaru, ya ƙara allura. Duba lambar jikin kwalba, duba ta jikin sirinji, su zama ɗaya. In sirinjinka ya ƙare ka aiki yaro ƙetaren iyaka ya sayo, ba shi tsohon ya tafi da shi.

Wani abin sha'awa ga makiyaya: insulin na farko da ya ceci mutane daga jikin shanu aka tatso shi. A Toronto ta ƙasar Kanada aka gano shi a 1921, Banting da Best suka gwada a kan karnuka, a watan Janairun 1922 aka yi wa yaro na farko. Shekaru da dama daga mahauta ake tattaro tsokar nan ana yin maganin. Kuma insulin na kyanwa ya fi kusa da na saniya a kan na mutum. Wannan ƙari ne kawai, mu koma kan zance.

Zafi na kashe insulin. Wurin ajiyarsa firiji, tsakanin digiri 2 zuwa 8, ba cikin ƙanƙara ba, don in ya daskare ya lalace. Na san wutar lantarki a garuruwanmu sai addu'a. A 2021 masu bincike na Jami'ar Jeneba tare da ƙungiyar likitoci ta MSF sun nuna cewa insulin na mutane da aka buɗe na riƙe ƙarfinsa har mako huɗu a zafin da ke hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37. Labari ne mai daɗi, amma watan Afrilu a Ƙonni ko Maraɗi yana haura 40 a inuwa, balle cikin shagon kwano ko gaban mota. Dabarar tukunya cikin tukunya, a zuba jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, wadda Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa har ya sami kyautar Rolex a 2000, tana taimakawa ƙwarai lokacin da iska ke bushe. Sa kwalbar a leda ko ƙaramin gwangwani kada ruwa ya taɓa ta. Insulin da aka shanya a tire a tsakiyar kasuwa kuwa, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa. In ya mutu, kana allura kullum amma kamar ruwa kake yi, kiton na taruwa, wata safiya ka ga kyanwa ta ƙi ci.

To yaya za a lallashe ta ta ci, kafin a kai ga likita ko bayan an dawo? Nama, kifi, ƙwai. Dafaffiyar kaza da ba a sa mata komai ba, a yayyaga ƙanana. Kifin gwangwani a tsiyaye mansa. Dafaffen ƙwai. A ɗumama abincin ya kai ɗumin jiki, kamar ɓeran da aka kama yanzu, don ƙamshin ya tashi. Goge mata hanci da tsumma mai ɗumi. Kai ta wuri mai shiru, ba tsakiyar hayaniyar masu awo ba, a faranti mai faɗi, kaɗan-kaɗan. Wata in ka shafa mata ɗan abincin a leɓe ko a dungun hannu, ta lashe, sai ta tuna da ci. A irin wannan rana kada ka tsaya dokar abincin masu suga. Duk abin da ta yarda ta ci, in ba guba ba ne, ya fi babu. Ruwa mai tsabta ya kasance kusa. Ja fatar wuyanta ka saki, kamar yadda kake yi wa maraƙi mai zawo: in ta tsaya ba ta koma ba, jiki ya bushe. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a danne ta a yi mata ɗura. Tana iya shaƙewa, kuma kyanwar da aka tilasta wa abinci tana jin tashin zuciya kan tsani abincin nan gaba ɗaya. Likita na da maganin tsayar da amai, da na buɗe ciki, in ta kama har da ƴar robar da ake zura abinci ta ciki.

Romon gida fa? A'a. Albasa da tafarnuwa na fasa jajayen ƙwayoyin jinin kyanwa, danye ko dafaffe. Farasitamol, wanda muke sha kamar gyaɗa, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta, hantarta ba ta iya sarrafa shi. Ƙwayoyin suga na Alhaji ba nata ba ne. Shuwaka, garahuni, ganyen darbejiya da sauran jiƙe-jiƙen da ake cewa suna sauke suga, kyanwar da ba ta ci ba ɗaci take buƙata ba. Sai ku makiyaya da jakar maganinku: allurar desametazon da ake yi wa dabba in ta yi kasala tana ɗaga suga, tana ma iya jawo ciwon tun farko, a yi wa kyanwa mai suga ita, an ƙara wa wuta fetur. Maganin kaska da ake zuba wa shanu a gadon baya, musamman mai fametirin, kyanwa ba ta ɗaukarsa, rawar jiki da farfaɗiya yake sa ta.

Ina za a kai ta? Ofishin kiwo na kusa da kai ko likitan dabbobi mai zaman kansa shi ne farko, ko da aikinsa ya fi yawa a kan shanu, yana iya sa ruwa ya kuma auna jini. In abin ya girma, akwai asibitocin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Maiduguri. A kwando mai iska za ka ɗauke ta, ba a buhun leda ba, kuma ka tafi da kwalbar insulin da sirinjin da kake amfani da su.

Bari in faɗi wata gaskiya da na san tana ran wasunku. Allura safe da yamma, kowace rana, a gidan da wataƙila maigidan ma da ƙyar yake sayen nasa insulin, ba ƙaramin nauyi ba ne. Ba zan ce kowa zai iya ba, kuma a ganina maganin mutum na gaba da na kyanwa, kada wani ya rage nasa don ya raba da ita. Amma akwai abin ƙarfafa gwiwa: kyanwa, saɓanin kare, in an kama ciwon da wuri, aka sa ta kan insulin, aka janye tuwo da biredi aka koma nama, wasu sukan warware har a daina allurar. Mai kyanwar da ke kan allura ma ya san da haka, don in ta fara warwarewa awon jiya na iya yi mata yawa yau. Wanda kuwa ya ga ba zai iya ba sam, ya gaya wa likita ƙarara tun farko, su duba abin da zai yiwu da abinci kaɗai da kuma ranar da wahalar za ta fi ƙarfin dabbar. Ya fi a fara allura mako biyu a watsar.

Yanzu gare ka, ɗan'uwa makiyayi. Tunkiya da akuya wata biyar suke ɗaukar ciki, kuma mafi yawan girman ɗan a mako shida na ƙarshe yake. In tagwaye ne ko ƴan uku, kamar yadda jar akuyar Maraɗi ta saba, ƴaƴan na zuƙe sugan uwar, ga shi sun matse tumbi ba ta iya cin da yawa. In wannan ya faɗo a ƙarshen rani, ciyawa ta zama kara, ko aka kora ta doguwar tafiya zuwa kasuwa ko rijiya, sai jikinta ya koma ƙona kitse, kiton ya taru, hanta ta cika da maiƙo. Hanya ɗaya da ta kyanwa, sai dai bambanci guda: ita kyanwa suga ya yi yawa a jini ya rasa ƙofa, ita tunkiya sugan ne babu. Alamar farko iri ɗaya ce, ƙin ci. Za ka ga ta ware daga garke, ta tsaya shiru, tana cizon haƙora, kamar ba ta gani, wani lokaci ta ɗaga kai sama tana kallon taurari, numfashinta da warin nan mai zaƙi. In ta kwanta ta kasa tashi, da wuya a tashe ta, sau da yawa uwa da ƴaƴa ake rasawa. Mai ƙiba sosai da ramammiya sosai su suka fi faɗawa, har da tunkiyar gida da Inna ke turkewa tana shagwaɓa ta.

Nan maganin ya sha bamban, kada a haɗa. Tunkiya suga take nema: likita kan ba ta ruwan gulukos ta jijiya, da wani ruwa mai kauri da ake ɗura mata mai suna furofilin gilaikol, sau da yawa da kalsiyam, in ciki ya kusa kuma yakan sa ta haihu don a sauke mata nauyin. Ranar farko da ta ƙi ci ake kiransa, ba ranar da ta kwanta ba. Kafin nan, in ka lura da masu manyan ciki tun saura wata ɗaya da rabi, ka ware su, ka rage musu tafiya, ka fara ƙara musu dusa da harawa da kowar wake da ɗan tunkuza. A hankali za ka ƙara, ba rana ɗaya ba, don hatsi da yawa farat ɗaya na lalata tumbi, wannan kuma wata cutar ce daban. Ranar kasuwa in za ka kora dabbobi Illela ko wata kasuwar nesa, masu cikin tagwaye su zauna gida, a bar musu ruwa da harawa a inuwa.

Lokaci ya cim mana. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba kumburin ciki a ragunan da ake turkewa don Layya. A tura tambayoyi ta layin shirin kamar yadda aka saba, a faɗi shekarun dabbar da kwana nawa ta yi ba ta ci ba. Mu kwana lafiya.